Tayar da Za Ta Taka Ruwan Inna

Tun da hantsi Erdal yake tsugune a shagon Usta Rifat da ke bakin garin Tarsus, tsakanin tulin tayoyi biyu, har shayin da aka kawo masa ya huce bai kurɓa ba. Rifat, wanda ake kira Usta, wato gwanin sana'a, mijin yayarsa ne, kuma shi ke ɗaura masa taya tun ranar da ya shiga wannan haukan na tseren hawan dutse. Da ya gaji da jira sai ya zo ya tsaya masa a ka.

"Kai, taya kake zaɓe ko mata? Ni da na ga yayarka ban daɗe haka ba."

"Shi ya sa har yau kake kuka," in ji Erdal, bai ko ɗago ba.

Tulin dama tayoyin tsere ne na gaske, sumul, babu zane ko ɗaya. Robarsu laushi gare ta, in ta ɗauki zafi sai ta kama kwalta kamar danƙo. A busasshiyar hanya babu abin da ya kama ƙafarsu, amma su taka ruwa ko na alwala ne, shi ke nan, mota ta zama kwalekwale. Tulin hagu kuwa masu zurfin zane ne, ba ruwansu da damina, sai dai a rana nauyin jiki gare su. Kuma dokar ƙungiyar masu tseren ba ta da sassauci: da safe za a shafa wa tayoyinka fenti, da su za ka yi hawan farko, da su za ka yi na biyu.

A tsakiyar bazara ake tseren, lokacin da ko gajimare ba ya kuskuren biyowa ta kan duwatsun nan. Duk direba mai hankali tulin dama zai ɗauka ya kama gabansa. Matsalar Erdal ba daga sama take saukowa ba. Daga barandar mahaifiyarsa take saukowa, a cikin bokiti.

Hanyar tseren ta ratsa ta tsakiyar Kuzdere, ƙauyen da aka haife shi, kuma kwanar da ta fi kowace muni a ƙofar gidan Inna Makbule take, ƙarƙashin wani ƙaton ɓaure da ba ya barin rana ta taɓa kwalta. Ita kuwa Inna Makbule, kamar kowace uwa a ƙasar, in nata zai yi tafiya sai ta watsa ruwa a bayansa don ya je lafiya ya dawo lafiya. Sai dai nata ya wuce na kowa. Erdal yana ɗan shekara tara wata safiya ta hunturu famfon gidansu ya daskare, mahaifinsa ya yi dariya ya ce ta bar shi, in ya dawo ta watsa masa biyu. Ya tayar da babbar motarsa ya tafi. Gawarsa aka kawo. Tun daga ranar ko mai karanta mitar wuta bai isa ya bar ƙofarta ƙasa a bushe ba.

Bara, karon farko da tseren ya biyo ta ƙauyen, Erdal ne na ƙarshen tashi a hawan farko, kuma ya fi kowa gudu. Yana wucewa ta sheƙa bokiti guda a bayansa. Motoci suka sauko ta hanyar bayan dutse, aka juya layi kamar yadda aka saba, na ƙarshe ya zama na farko. Mai tutar da ke gadin kwanar ɗan ƙanenta ne, ya ɗauko tsintsiya zai kore ruwan, ta ce in ya taɓa shi kafin ɗanta ya sake wucewa kada ya ƙara taka mata gida. Erdal ya shigo kwanar da tayoyinsa sumul. Motar ta juya sau biyu ta rungumi katangar maƙwabci, shi kuma ya tashi da karyayyen ƙashin kafaɗa.

A asibiti Inna Makbule ta riƙe hannunsa tana hawaye ta ce, "Ba don ruwan nan ba da yanzu zaman makoki muke yi." Ɗakin cike yake da mutane, kowa ya san abin da ya faru, kowa ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa. Haka aka yi shekara guda, daga Tarsus har Kuzdere, babu wanda ya iya buɗe baki ya gaya mata.

"Magana ɗaya ce," in ji Rifat. "Ka hau ka same ta ka ce, Inna, bana a yi haƙuri da bokiti. Ka dawo in ɗaura maka waɗannan, ka ɗauko kofin nan mu ajiye a shago. Shekararka nawa kana binsa? Furfura ta fara fito maka a kunne."

"Kai me zai hana ka gaya mata? Ai surukarka ce."

"Ni? Matar da har yau take kirana mai faci? Ina da 'ya'ya ƙanana, ka rufa mini asiri."

Erdal ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Yana son kofin nan, so irin wanda yake jin kunyar faɗa. Duk shekara gyaran injinan ban-ruwa yake yi a gonakin lemo, cikin taɓo har ƙwauri, kuma rana ɗaya tak yake da ita da mutane ke kiran sunansa da lasifika. Ya ce a loda masa tulin dama a bayan a-kori-kurarsa.

A gida matarsa Nuray ta leƙa bayan motar, ta ga abin da ya ɗauko. Ita ta yi jinyarsa bara, ita ta riƙa sa masa riga kamar jariri, saboda haka ba ta tauna maganarta.

"Wato ka yanke shawarar gaya mata."

"Gobe zan hau."

"To madalla. Don wallahi in ba ka faɗa ba ni zan faɗa. Ina ƙaunar Inna, amma ba zan zama bazawara saboda camfi ba."

Washegari ya hau Kuzdere. Ya tarar da ita a tsakar gida tana shanya barkono, ta ƙara ƙanƙancewa a cikin ɗankwalinta. Ya sumbaci hannunta ya kai goshinsa. Kafin ya zauna ta jera masa gurasa mai zafi da cuku da zaitun, da kofin nono mai gishiri, tana faɗan ya rame, wai Nuray karatun jarida take ba shi maimakon abinci. Duk hanya ya shirya maganarsa tsaf, ya san ta inda zai fara. Yana cikin neman bakin zaren ta kama hannun rigarsa.

"Zo ka gani."

Ta hau da shi baranda, tana hutawa a kowace matakala. A jikin bango ga bokitai uku sababbi fil, an kife su.

"Ɗaya nawa, ɗaya na Gwaggonka Saniye, ɗaya na Gwaggonka Feride. Da suka ga yadda Allah ya tsare ka bara suka ce bana ba za a bar su a baya ba. Ɗan ɗan'uwansu ne ai."

Erdal ya dubi bokitan, ya dubi kwalta a ƙasa, baƙa ƙirin a inuwar ɓaure.

"Inna, ai liman ya ce Allah ne ke tsarewa, ba ruwa ba."

"Shi ya gaya maka ban sani ba? Tun ba a haifi limamin ba na san haka. Addu'a ce, ɗana. Wasu da baki suke yi, ni bakina rawa yake in na ga ka shiga motar nan, sai in yi da hannu." Ta gyara zaman bokiti ɗaya da ƙafa. "Sau ɗaya na bar hannuna ya huta."

Tausayinta ya cika masa ƙirji har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya gane cewa in ya ce mata ruwanta ne ya kusa kashe shi, ba bokiti kaɗai zai karɓe mata ba. Zai bar ta ne da hannu biyu babu abin yi, tana kallon ɗanta yana wucewa kamar yadda ta kalli mijinta.

Da ta rako shi ƙofa sai idonta ya faɗa kan tayoyin da ke bayan mota. Ta shafa ɗaya da tafin hannu, fuskarta ta canza.

"Mai facin nan ne ya sayar maka da wannan? Suɗaɗɗiya kamar sanƙonsa? Kai ma ka karɓa? Mayar masa, ka ce in ji ni ya ji tsoron Allah."

Ya tayar da mota. A madubi ya gan ta ta ɗauko kwano daga bakin famfo ta watsa a bayansa, ta tsaya tana kallo har ya sha kwana.

Rifat yana ganin fuskarsa ya ajiye guduma.

"Ba ka faɗa ba."

"Sun zama uku."

"Su wa?"

"Bokitan."

Rifat ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya yi dariya har da tari. Da ya gama sai ya share ido ya ce to a sauke, a ɗaura masu zane, a je a yi yawon shan iska a dawo na goma sha wani abu.

"A'a," in ji Erdal. "Ɗauko wuƙarka."

Akwai wata wuƙar lantarki a shagon, mai baki kamar ƙugiya, wadda in ta yi zafi take yanka roba kamar man shanu. Da ita ake tsaga wa taya hanyar da ruwa zai bi ya fita. Rifat ya dube shi kamar wanda aka ce ya yanka ɗansa.

"Sababbin tayoyi? Ka san duk tsagar da na yi na rage maka robar da ke taka ƙasa? A busasshiya yaran nan za su wuce ka suna ɗaga maka hannu."

"Na sani. Kwana ɗaya ce mai ruwa a duk dutsen. Ba na son tayar damina, ba na son tayar rani. Ina son wadda za ta ratsa ƙofar gidanmu."

Suka ɗora taya a kan benci. Rifat ya ja layi da alli yana gunaguni, ya kafa wuƙa. Hayaƙi mai ɗoyi ya tashi, wani dogon zaren roba ya naɗe ya faɗi ƙasa.

"Wannan ta surukata ce, Allah ya ƙara mata lafiya." Ya sake kafawa. "Wannan ta Gwaggo Saniye." Ya tsaya. "Gwaggo Feride fa ba ta da ƙarfi, rabin bokitinta a zanenta zai ƙare. A bar mata?"

"Yi mata tata. In ta ji an ware ta sai ta zo da tulu."

Suka yi musu a kan zurfi, suka yi musu a kan ko a ƙara ƙananan tsagogi a kaikaice, har yayar Erdal ta aiko a tambaya ko faɗa ake yi. Da yamma suka kai jar motar tseren filin da ke bayan rumbun lemo, Rifat ya ja tiyo ya jiƙa wuri guda, Erdal ya riƙa shigowa a guje yana karya sitiyari. Karon farko bayan motar ya zame ya share akwatunan lemo. Rifat ya rage iska. Ta sake zamewa, amma kaɗan. Haka suka yi ta yi kwana da kwanaki, har Erdal ya fara jin abin a tafin hannunsa: tayar takan saki na ɗan lokaci kamar mai tunani, sannan ta ciji ƙasa. In bai firgita ya taka birki a wannan ɗan lokacin ba, za ta riƙe shi.

Ya kai Nuray filin don ta gani da idonta. Ta tsaya da hannu a harɗe har ya gama.

"Wannan tiyo ne a fili," ta ce. "Can kuwa katanga ce."

Ranar tsere ya farka ya tarar ta riga shi shiri. Ta ce za ta bi motar farko zuwa Kuzdere kafin a rufe hanya.

"Nuray, don Allah."

"Na ba ka lokaci ka faɗa da bakinka."

Ta fita. Ya bi ta da kallo ta taga har ta ɓace, ya rasa ko haushinta yake ji ko nasa.

A gindin dutse an cika maƙil, ƙarar injina da warin mai da masu tallan shayi. Mai fenti ya zo kan motarsa ya ga tsagogin, ya ɗaga kai ya dubi sama tas babu gajimare, ya dubi Erdal, ya yi murmushi ya shafa fentinsa. Sauran direbobin ma duk sun san dalili. Wani ya ƙwala masa kira daga nesa, "Yaya Erdal, a gaishe da Inna!"

Hawan farko ya tafi yadda Rifat ya faɗa. A kowace kwana yana jin motar tana neman ɗan abin da aka yanke mata. Da ya shigo Kuzdere ya hangi mutane a kan rufin gidaje, ya hangi ɗankwalaye a barandarsu, amma a irin wannan gudu ba a duba madubi. Ya wuce bai san abin da aka yi a bayansa ba. A saman dutse aka ce shi ne na huɗu.

Suka sauko ta hanyar baya. Ya kira wayar Nuray, ba ta ɗauka ba. Rifat ya zagaya motar yana taɓa tayoyi da bayan hannu, yana rage wa wannan iska yana ƙara wa waccan.

"In ta gaya mata, hanya a bushe take, ka taka abinka," ya ce. "Ka ga sai mu ce alhamdulillahi."

Erdal ya sa hular kwano.

Aka ɗaga masa tuta. Ya fizgi motar ya shiga hawa, itatuwa suna wucewa ta gefensa kamar ana jan labule. Hannunsa da ƙafarsa suna aikinsu, amma zuciyarsa ta riga shi isa ƙauye. In ya tarar da kwalta a bushe, to Nuray ta faɗa. Inna tana can ciki a zaune bakin gado, ta san abin da kowa ya sani, ga bokitai uku cike a baranda babu mai taɓa su. Zai sha kwanar lafiya lau, wataƙila ma ya kamo na uku. Ya hango hasumiyar masallacin Kuzdere, sai ya ji bakinsa yana motsi a cikin hula. Mutumin da ruwa ya karya wa kafaɗa, ga shi yana roƙon Allah ya sa ya tarar da ruwa.

Ya wuce gidan mai gurasa, ya wuce famfon unguwa, ya sauke giya. Mai tuta yana ta kaɗa tutar gargaɗi kamar zai cire hannu.

Ƙarƙashin ɓaure hanya tana ƙyalli daga wannan bango zuwa wancan, har ruwan ya yi 'yar ƙorama yana gangarowa.

Dariya ta kuɓuce masa. Ya karya sitiyari, tayoyin suka saki, bayan motar ya fara tafiya wajen katangar nan da ya sani. Ƙafarsa ta nemi birki, ya hana ta. Ya jira. Sai ya ji sun ciji ƙasa, ruwa ya yi tsiri ta gefe biyu, motar ta miƙe ta fice daga inuwa zuwa rana. Guɗar matan ƙauye ta biyo shi har ta cikin ƙarar inji. Sauran hanyar da ƙyar yake gani, don ba a share ido da hular kwano a ka.

Na huɗu ya ƙare. Wani yaro daga Adana ya ɗauki kofin, kuma ya cancanta.

Da aka buɗe hanya ya gangaro Kuzdere, Rifat a gefensa yana ta lissafa masa inda ya yi asarar lokaci. Inna Makbule tana bakin ƙofa da gwaggonni biyu. Ta kama fuskarsa da hannu biyu ta jujjuya, ta shafa kafaɗarsa, ta tabbatar komai yana wurinsa.

"Ka gani ko? Ko ƙwarzane babu."

"Na gani, Inna."

Ta leƙa tayoyin, ta sa yatsa a cikin tsaga ɗaya, ta juyo wajen Rifat. "To, yanzu ka ba shi taya. Shigo ka ci abinci, Usta." Rifat ya waiga bayansa ya ga ko da wani ake.

Erdal ya sami Nuray a baranda ita kaɗai, tana kife bokitai. Hannun rigarta a jiƙe yake sharkaf har gwiwar hannu, gaban siket ɗinta ma haka. Ya tsaya yana kallonta.

"Kada ka ce mini komai," ta ce, ba ta juyo ba. "Na zo da maganata a baki. Muna jin ƙarar motarka sai Inna ta sunkuya za ta ɗaga, bokitin ya fi ƙarfinta. Ta sake gwadawa, ya ƙi. Sai ta dube ni." Nuray ta matse bakin hannun rigarta, ruwa ya ɗiga a ƙasa. "Ba ka ga yadda ta dube ni ba, Erdal."

Ya matso zai yi magana, ta ɗaga masa hannu.

"Baɗi ka ce wa Rifat ya ƙara zurfin tsagar nan. Ni ba rabin bokiti nake zubawa ba."